Koblar da Verna Ta Koya Mini

"Ajiye cokalin nan, Harlan, kafin in ci maka mutunci."

Na tsaya da cokali a hannu ina kallon kwanon gashin. "Gani na yi garin ya taru a gefe ɗaya."

"Wa ya tambaye ka abin da ka gani? Ba a juyawa. Tuffa a ƙasa, gari a sama, man bota a kan gari, sai murhun obin. Ina wahalar take? Shekara talatin kana jan tirelar kwal a kan duwatsun nan ba ka faɗa rami ba, amma kwalin garin kek ya gagare ka."

Verna Stidham ke nan, maƙwabciyata. Tana zaune a keken marasa lafiya a bakin teburin kicin ɗinta, da siririyar roba a hanci, injin iska yana gurnani a lungun firiji. Ciwon huhu ya cinye ta, ya bar ƙashi da fata da idanu. Harshen ne kawai bai taɓa ba. In ta yi magana mai tsawo sai ta tsaya neman numfashi, ta ɗaga yatsa ɗaya don kada in kuskura in sa baki kafin ta ƙarasa.

"Yanka botar siri-siri. Ba haka ba! Kai da wa za ku ci wannan ƙaton? Ko'ina sai ya samu. Duk inda ka bari babu bota, gari zai fito busasshe, Orval kuma ya tofar."

Orval mijinta yana jikin taga da tsohuwar hularsa, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon titi. Shekara ashirin da takwas ya yi yana tuƙa motar 'yan makaranta a wannan yanki na jihar Kentucky, babu gidan da bai san ƙofarsa ba. Yau shekara huɗu ke nan da ƙwaƙwalwarsa ta fara zubewa. Ya manta sunana, ni da shinge ɗaya ya raba mu shekara talatin da huɗu, ni da muka kama kifi tare ba iyaka. Daga baya ya manta da cin abinci. A kawo masa nama, a kawo dankali, sai ya datse baki ya kau da kai kamar an miƙo masa guba. Abu ɗaya ya rage da yake buɗe wa baki, kobla mai ɗumi, wato wannan gasasshiyar tuffa da gari. A cikinta Verna take daka masa ƙwayoyin magani, da ita take lallaɓa shi ya haɗiyi ɗan ƙwai ko madara.

Da can, in kana neman faɗa da Verna, ka ce mata ta gasa wani abu da garin kwali. Matan cocinmu masu yin haka ragwaye take kiransu, a gaban idonsu. Ita da hannu take murza garinta. Sai da hannun ya daina riƙe ko kofi, sannan ta aike ni kanti in sayo kwali shida, ta ce in na gaya wa wani za ta taso daga kabari ta shaƙe ni.

Ni da ita ba a taɓa cewa muna shiri ba. Tun da matata Joetta ta rasu nake rayuwa da waken gwangwani da soyayyen ƙwai, ita kuma take gaya wa duk mai kunne cewa ƙazanta ce za ta kashe ni. Amma ranar da likita ya ce mata saura mako uku ko huɗu, ni ta sa aka kira.

"Ba don ina sonka ba ne," ta ce. "Kai ne kusa."

Ta riga ta tsara komai. In ta tafi, Orval zai zauna a gidansa. Wata mata daga coci za ta riƙa wuni da shi, ni in dawo falonsu da kwana, in riƙa gasa masa abin da zai ci. Shi ya sa nake tsaye a kicin ɗin wata da shekara saba'in da ɗaya, ina feraye tuffa shida daga bishiyar bayan gidansu, ina shan zagi a kan yawan kirfa.

Bayan minti arba'in da biyar na fito da kwanon. Saman ya yi ja, ruwan tuffa yana ɓulɓulowa ta gefe, ƙamshi ya cika gidan. Lungu ɗaya ya fito fari fat. Verna ta nuna shi da yatsa kawai. Na ɗebo daga ɗaya gefen, na hura, na kai bakin Orval. Ya shinshina. Ya buɗe. Sai da ya karɓi cokali biyar sannan ya kau da kai.

Verna ta juya fuskarta wajen bango na ɗan lokaci.

"Biyar," ta ce. "A hannuna goma yake ci. Gobe ka sake."

Na sake gobe, na sake jibi. Ranar Talata ɗansu Dwight ya iso.

Shi kaɗai suka haifa. A birnin Lexington yake, tafiyar awa biyu, amma rabonsa da gidan tun bikin Ista. Ya shigo da jakar takardu a hammata, ya sumbaci goshin uwarsa, ya dafa kafaɗar ubansa. Ubansa ya dube shi kamar yadda ake duban baƙo mai karanta mitar wuta. Sai idon Dwight ya sauka a kan kwanon da ke tebur da kwalin da na jefa a kwandon shara.

"Mene ne wannan?"

"Abincin ubanka," in ji Verna.

"Mama, mutumin nan yana da ciwon suga. Kun san abin da ke cikin kwalin nan kuwa? Suga ne da mai, ba komai. Mista Harlan, har da kai, da girmanka?"

"Shekararsa tamanin da uku, Dwight Allen. Sugan ya yi sauri in yana so ya riga tsufa. Zauna ka faɗi abin da ya kawo ka, na ga jakar."

Ya zauna. Ya buɗe jakar yana magana ba tare da ya dubi kowa ba. Wai gurbi ya samu a wani gidan kula da tsofaffi a babban gari, tafiyar minti arba'in daga nan. Wai wuri ne mai tsabta, da nas dare da rana, da ƙofar da ba a fita sai an buɗe. Wai wata takwas sunan Baba yana kan layi, in ba a kai shi kafin Juma'a ba za a ba wani.

"Wata takwas," in ji Verna. Ta ɗaga yatsa, ta nemi numfashi. "Wata takwas ka sa sunan mijina a takarda, kana kira na duk Lahadi kana tambaya ta yanayin gari."

"In na gaya miki me za ki ce?"

"Abin da zan ce yanzu."

Na ce masa ai an tsara komai, ga matar coci, ga ni. Sai ya juyo kaina.

"A watan Yuni wa aka tsinto a bakin babban titi da wandon barci, tireloli suna wucewa ta gefensa? Lokacin Mama tana iya tafiya ma ke nan. Mista Harlan, ƙugunka ƙarfe likita ya sa maka, kowa ya sani. In ya faɗi a banɗaki, kai za ka ɗaga shi? In ya kunna gas ya manta fa? Kek za ka gasa masa?"

Na tsaya da tsumman goge hannu a kafaɗa kamar wawa.

Verna ce ta yi magana, a hankali, ba irin muryar da na sani ba.

"Ban ce kada ka kai shi ba. In na mutu ka yi abin da ka ga dama, ba na nan balle in gani. Amma shekara hamsin da tara muna kwana ɗaki ɗaya. Ka bar ni in ƙarasa yana cikin gidan nan. Kwana nawa ne? Dube ni da kyau ka ƙirga."

Dwight ya dubi ƙasa. "To, Mama."

"Ba 'to' nake so ba."

"Na yi alkawari."

Ina wurin. Da kunnena na ji.

Ranar Alhamis da safe ina bayan gidansu da bokiti ina tsinkar tuffa. Rhonda, nas ɗin da ke zuwa duba Verna, ta zo da ƙarfe tara ta yi mata allurar ciwo, wadda ke sa ta barci har rana ta take, ta tafi. Can sai na ji Dwight yana kira na daga gaba.

"Mista Harlan! Don Allah zo ka taimake ni. Asibiti zan kai Baba a duba masa suga, ya ƙi shiga mota."

Na zagayo. Orval ya rungume ginshiƙin baranda da hannu biyu, ya kafe ƙafa, yana huci. Ba ya shiga motar kowa, tun da ciwon ya kama shi. Amma ni na san dabarar, Verna ta koya mini ita ranar da muka kai shi cire haƙori. Na matsa kusa da kunnensa.

"Orval," na ce, "yara suna jira a bakin hanya. Za su makara."

Nan take ya saki ginshiƙin. Ya gyara hularsa, ya sauka matakalar da kansa, yana sauri-sauri. Na buɗe masa ƙofa, na sunkuyar da kansa kada ya bugu, na ja bel na ɗaure masa. A kujerar baya na ga bargo an lulluɓe wani abu mai kusurwa huɗu. Na gani da idona. Ban yi tunanin komai ba. Har hannu na ɗaga musu da motar ta juya.

Na koma kicin na feraye tuffa, na yanka bota siri-siri na jera ta kamar fale-falen rufi. Ranar ce karo na farko da ta fito ja daga lungu zuwa lungu. Ina ta zumuɗin Verna ta farka ta gani.

Ta farka sha biyu ta wuce. Na shiga da kwanon a hannu.

"Ina Orval?"

"Dwight ya kai shi a duba masa suga. Dubi wannan, babu fari ko..."

Ta zuba mini ido har na yi shiru.

"Buɗe durowar sama."

Na ajiye kwanon na buɗe. Babu komai sai takardar da aka shimfiɗa a ƙasanta. Ta biyu ma haka.

"Banɗaki."

Rezarsa ba ta nan, burushinsa ba ya nan. Haƙoransa na roba kuwa suna cikin kofin ruwa a kan shelfi, inda aka ajiye su tun jiya. Na dawo da kofin a hannu. Ba ta yi ihu ba, ba ta da iskar yin ihu. Ta kai hannu ta share duk abin da ke kan teburin gefen gado, kwalaben magani da tabarau da kofin shayi, suka watse a ƙasa.

"Ba ya shiga motar kowa," ta ce. "Wa ya sa shi?"

"Ai ce mini ya yi..."

"Wa ya sa shi?"

"Ni ne."

"Me ka ce masa?"

Na gaya mata. Ta rufe ido. Ƙirjinta yana hawa yana sauka kamar na tsuntsun da ya bugi gilashi.

"Fita mini daga ɗaki," ta ce. Na kai ƙofa. "Dawo. Ɗauki makullin motarka. Ka je ka dawo mini da mijina."

Na kira Rhonda ta zo ta zauna da ita. Na naɗe haƙoran a hankici, na rufe kwanon da takardar gashi, na ɗora a kujerar gaba. Tafiyar minti arba'in na yi ta a ashirin da biyar.

Matar da ke teburin karɓar baƙi na gidan tsofaffin tana da fara'a, irin fara'ar da ake koya wa mutum.

"Kai ɗan'uwansa ne, yallaɓai?"

"Maƙwabcinsa ne. Matarsa tana mutuwa, ita ta aiko ni."

"Ayya, sannu. Sai dai ɗansa ne ke riƙe da takardar iko a kansa. Kuma sabon zuwa muna barinsa kwana uku babu baƙi, har ya saba da wuri."

"Mutumin bai san sunansa ba, da me zai saba?"

"Na gane, yallaɓai."

"Ba ki gane komai ba! To ga abincinsa. Ba ya cin wani abu sai wannan."

Ta ɗaga takardar ta leƙa, ta duba na'urarta. "An rubuta yana da ciwon suga. Ba za mu iya karɓa ba."

Ban san lokacin da na daki teburin ba. Wani ƙaton saurayi da rigar ma'aikata ya fito ya tsaya kusa da ni, bai taɓa ni ba, ya dai tsaya. Haƙoran kawai suka karɓa. Ta sa su a leda ta rubuta suna a jiki.

A wajen ajiye motoci na hango motar Dwight. Yana ciki, ya kifa kai a kan sitiyari. Na buga gilashin da gefen hannu har ya sauke.

"Ka rasa wanda za ka yi amfani da shi sai ni?"

"Da na gaya maka gaskiya da ba ka taimaka ba."

"Da ban taimaka ba mana! Ka dubi uwarka a ido ka yi mata alkawari shekaranjiya. Shekaranjiya, Dwight!"

"In Juma'a ta wuce an ba wani. Sai kuma wata takwas, ko shekara. In Mama ta tafi ina zan kai shi? Gidana hawa uku ne, ni da matata duk aiki muke." Idanunsa sun yi ja. "Kana tsammani daɗi nake ji? Yana ta tambayata ina yaran suke, tun daga gida har nan."

"Shiga ka fito da shi. Kwana nawa ne? Ka biya musu gadon ya zauna babu kowa."

"Ba a yin haka. Sun ce in aka fitar da shi yanzu zai ƙara rikicewa. Ranar Lahadi zan kawo shi ya gan ta. Na rantse."

"Rantsuwarka ka riƙe ta, na ga irinta."

Na koma da kwanon yadda na tafi da shi. Verna ta ji ƙarar mota, ta ji takun mutum ɗaya a baranda. Da na shiga ba ta tambaye ni komai ba sai, "Haƙoran fa?"

"Na ba su. Dwight ya ce Lahadi zai kawo shi."

"To."

Ranar Juma'a ba ta yi wa ɗanta magana ba ko kalma ɗaya. In ya shigo sai ta juya fuska bango, ta bar shi tsaye yana "Mama, Mama" har ya gaji ya fita ya zauna a kujerar da ke lungun ƙofa. Fasto ya zo da la'asar da littafinsa a hannu. Ta ji muryarsa a falo.

"Zuwa ya yi ya ce in yafe," ta ce mini. "Ce masa ina barci."

Ni ma ba ta yafe mini ba, amma ni tana da aikin da za ta ba ni. Kalma biyu-biyu, uku-uku take fitarwa, ina sunkuye a kanta. Kunnen Orval na hagu ba ya ji, in zauna ta dama. Mai ɗumi yake so, ba mai zafi ba. In naɗe sauran tuffar ɗaya-ɗaya a jarida in sa a ɗakin ƙasa, za su kai Fabrairu. In sun ƙare in sayi na gwangwani, amma in tsiyaye ruwan, don ya cika zaƙi. Kada in bari su aske masa gashin baki.

"Ba za su bar ni in shiga da ita ba, Verna."

Ta buɗe ido ɗaya. "Ba ka da aljihu?"

Ranar Asabar da hantsi, wajen ƙarfe goma, ina zaune gefen gado, Rhonda tana ɗaya gefen tana jiƙa mata leɓe da auduga. Dwight yana baranda yana waya. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan rabin gadon da babu kowa. Verna ta motsa baki. Na matsa.

"Yau wace rana?"

"Asabar."

"Gobe ke nan za a kawo shi."

"Gobe ne. Ki daure."

Ta yi ƙoƙari, na gani. Ta damƙe bargo da 'yan yatsun nan nata, ta ja numfashi, ta sake ja, kowanne ya fi na baya nisa. Can ta girgiza kai kaɗan.

"Ba zan kai ba," ta ce. "Ɗan banza."

Har yau ban sani ba ko da Dwight take, ko da ni, ko da wanda ya zo ɗaukarta. Ba ta ƙara cewa komai ba. Bayan kamar minti ashirin Rhonda ta ɗora yatsu a wuyanta, ta dubi agogo, ta miƙe ta kashe injin iskar. Gidan ya yi tsit. Shirun ne ya shigo da Dwight, da wayar a hannunsa. Ya durƙusa a bakin gado ya kama ƙafarta yana kuka. Na tashi na ba shi wuri. Na fita ta ƙofar kicin, na tsaya a bayan gida, na rasa abin da zan fasa.

Ranar Laraba aka binne ta. Ba a kawo Orval ba, wai zai rikice. Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a ɗakin ƙasa na coci cin abinci, kamar yadda aka saba. A kan dogon tebur akwai kaji da wake da dankali, da kobla har kwano biyar, duk na matan da ta yi shekaru tana kira ragwaye. Suna zuba wa mutane suna share hawaye suna ba da labarin irin zagin da ta yi musu.

Dwight ya ratso mutane ya zo inda nake, da baƙar kwat, da faranti a hannun hagu. Ya miƙo mini na dama.

"Mista Harlan, na san kana fushi da ni. Ina so in gode maka kan duk abin da ka yi wa Mama."

Na dubi hannun. Mutanen kusa suka rage murya.

"Da hannun nan nawa na ɗaure wa ubanka bel," na ce. "Ya gama yi maka aiki."

"Ni ma fa uwata ce."

"Ai shi ya sa."

"Kwana biyu ne kawai, Mista Harlan. Wa ya san ba za ta kai Lahadi ba?"

"Ita ta sani. Ta ce ka dube ta ka ƙirga, ka dubi ƙasa."

Fasto ya taho yana ɗaga hannu, yana "'yan'uwa, 'yan'uwa". Na ɗauki hulata na haura matakala kafin ya iso.

Washegari na gasa a kicin ɗina, karo na farko da aka kunna obin ɗin tun rasuwar Joetta. Na ɗebi mai ɗumi na cusa a kwalbar jam, na rufe, na naɗe da safa, na sa a aljihun babbar rigata tare da cokali. A gidan tsofaffin, matar teburin ta gane ni. Ta dubi hannuwana ta ga babu komai, ta miƙo mini biro in sa hannu.

Ɗaki na goma sha huɗu, ƙarshen baranda. Wata ma'aikaciya da ta raka ni ta ce tun zuwansa ba ya karɓar komai sai 'yar madara ta tsinke. Na jira ta tafi, na tura ƙofa.

Yana kan kujera jikin gado, sanye da rigar sanyin wani, koriya, hannun ya wuce masa yatsu. Sun aske gashin bakin. Leɓensa na sama ya fito fari, tsirara, ban taɓa ganinsa ba tsawon zamanmu. Na tsaya na haɗiye abin da ya taso mini, don babu wanda zan zuba wa shi a ɗakin. Na jawo kujera ta damansa na zauna.

"Orval, ni ne."

Bai dube ni ba. Na buɗe kwalbar na riƙe a ƙarƙashin hancinsa. Ya ɗan jima. Sannan ya juyo, ya buɗe baki.

Ban gaya masa an binne ta jiya ba. Babu wanda ya ce in gaya masa, ni kuma ban san da wane baki zan fara ba. Na dinga ɗebowa ina ba shi, ina goge masa haɓa da safar, ina kasa kunne ga takun masu wucewa. Da cokali ya fara ƙara a gindin kwalba na yi niyyar mayar da ita aljihu, sai ya miƙo hannu biyu ya karɓe. Ya ɗora ta a kan cinyarsa ya rufe ta da tafukansa, saboda ɗumin da ya rage a jikinta.

Na ja sau ɗaya a hankali, ya ƙi saki. Na bar masa. A waje an fara yayyafi, ganyaye suna manne wa gilasan motoci. Muka zauna haka, ni da shi, har kwalbar ta huce.